Teburin Baba Ticha

Ko zan manta da komai a sana'ata ta kafinta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi ba, domin a ranar na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Da lalacewa aikin ya yi, da da sauƙi. Kafinta ya ɓata katako ba sabon abu ba ne, haƙuri zai bayar ya sayo wani. Nawa kuwa sumul ya fito, ko ƙwarzane babu, kuma har gobe idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bari in fara daga wani inji da na saya, tunda shi ya ja ni (ko kuma in faɗi gaskiya, ni na ja shi).

Shagona yana nan cikin Suleja, kuma na daɗe ina shan wahalar katako. Duk aikin da na samu sai na kwashi katakon zuwa kasuwar katako, in bi layin babban inji a fere mini. Mai injin kuma abin da ya ga dama yake cirewa. Ka dawo shago ka jera su, ka tarar wannan ya fi wancan kauri, sai ka koma gyara da hannu har kafaɗarka ta yi tsami. Da aka fara gine-gine a wajen Maje aiki ya buɗe mini, ƙofofi da durowar kicin, sai na ƙudurta sayen ƙaramin injin fere katako, wanda muke kira filena. Irin wanda mutum ɗaya zai rungume ya sa a keke ya tafi da shi wurin aiki. Ka tura katako ta baki ɗaya, ya fito ta ɗaya bakin da kauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Ban taɓa bincike a kan wani abu kamar yadda na yi a kan injin nan ba. Na kalli bidiyo a waya har mai ɗakina ta fara tambaya ko jarrabawa zan rubuta. Na yi ta sintiri shagon wani mai sayar da kayan aiki, Oga Emeka, har ya daina miƙewa idan ya hango ni.

Ranar farko ya jawo wani ja mai sheƙi ya dire a gabana. "Alhaji, wannan tokumbo ne, na hannu daga Amurka. E strong well well. Ɗauka kawai, ba za ka yi nadama ba." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma duk wanda ya shiga shagonsa da alamar saye Alhaji ne.)

Na juya bayan injin na duba ɗan ƙarfen da ake rubuta ƙarfin wuta. Na ce, "Oga, wannan ai na ƙaramar wuta ne. Idan na jona shi a tamu hayaƙi zai yi tun kafin ya ga katako."

Ya yi dariya ya ture shi gefe ya jawo wani. Wannan na tambayi faɗin bakinsa, ya ce inci goma sha uku. Na sa ya buɗe na ga wuƙaƙen ciki, na tambaya ko irin waɗanda ake juyawa ne idan baki ɗaya ya dakushe, kuma idan duka biyun suka mutu ana samun wasu a nan kasuwa ko sai an yi oda. Na tambaya ko ɗan janaretana zai iya jansa. Na ɗaga shi na ji nauyinsa. Wata rana ma da guntun madaci na zo daga shago, na ce sai an gwada a gabana, domin akwai injin da yake cizon katako a farko da ƙarshe ya bar kwari. Muka gwada, na shafa, na kanne ido ɗaya na leƙa tsawonsa ta hasken ƙofa.

Haka na yi masa a kan faifan zarto. Ya so ya haɗa ni da guda ɗaya wai yana yin komai, na ƙi. Na zaɓi mai manyan haƙora 'yan kaɗan don tsaga katako a tsaye, domin shi ne ba ya shaƙewa da gari ya ƙona itace. Na zaɓi mai ƙananan haƙora masu yawa don yankan gicciye, wanda yake barin baki tsaf ba tare da ya yayyage gefe ba. Na auna ramin tsakiyarsu da na injin zartona da ke shago, na bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da farce ko akwai wanda ya guntule.

Oga Emeka ya riƙe ƙugu ya ce, "Alhaji, abeg, ko mata za ka aura ba za ka yi wannan tambaya ba."

Na ji daɗin maganar nan ƙwarai. Na fito shagon ina jin kaina mutum mai lura, wanda ba ya taɓa abu sai ya san asalinsa.

Daga ranar da injin ya shigo shagona wani ciwo ya kama ni. Duk katakon da na gani da kaushi sai in ji kamar zagina yake yi. Na fere bencin da baƙi suke zama. Na fere katakon da mai ɗakina take yanka nama a kai, ta ce ya yi kyau, amma na lura daga ranar ta daina barin muciya a tsakar gida. Ina cikin wannan hali ne Mama Rifkatu ta zo shagona.

Mama Rifkatu maƙwabciyarmu ce, gida biyu ne tsakaninmu. Mijinta Malam Bitrus, wanda duk unguwa take kira Baba Ticha, mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi koyarwa a firamare har ya yi ritaya. Bayan ritayar ma bai huta ba. Kullum da yamma yana barandarsa a bayan teburinsa, yaran unguwa sun kewaye shi, na Musulmi da na Kirista, yana koya musu karatu da lissafi. Babban ɗana a barandar nan ya fara haɗa baƙi. Baba Ticha ya rasu da daminar shekarar da ta gabata bayan gajeriyar jinya, kuma ranar da aka tafi da gawarsa gida ina Maje ina kafa ƙofofi, sai daga baya na je gaisuwa. Abin ya tsaya mini a rai.

Muka gaisa, na ba ta wuri ta zauna. Ta ce, "Ɗana, teburin Baba ne. Ƙafa ɗaya tana rawa. Ranar Asabar za mu yi addu'ar cika shekara, yara za su zo daga Abuja, da mutanen coci. Ka ɗaure mini ƙafar nan kawai, kada ta ba mu kunya a gaban baƙi."

Ƙafa kawai ta ce. Ba ta yi maganar da za a fahimta biyu ba, kuma ni ba kurma ba ne. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Na je na ɗauko teburin. Da na ajiye shi a hasken shago sai na tsaya ina kallo. Falle uku ne na madaci aka haɗa, madacin da, irin wanda yanzu ko da kuɗinka ba ka samu. Amma fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Ga wani tabon jan tawada kamar tafin hannu, ga zoben ƙuna inda ake ajiye fitila, ga tsage-tsagen reza na fiƙe fensir ko'ina. Ta gefen da Baba Ticha yake zama kuwa katakon ya lotsa wuri biyu, ya yi santsi ya yi duhu, inda yake ɗora hannuwansa shekara da shekaru. Ni da idon kafinta na kalle shi, abin da na gani kawai datti ne a kan itace mai daraja.

Mu kafintoci muna da wata ɗabi'a. Duk abin da ya fita daga shagonka da sunanka yake fita, don haka ba ka bari ya tafi da muni, ko da ba a sa ka ba. Ka zo gyaran ƙofa ka ga ƙusa ta leƙo a taga, sai ka buga ta. Na ce a raina, mutumin nan ya koyar da ɗana, ban samu rakiyar gawarsa ba, ga dama ta samu in yi masa wani abu. Haka na gaya wa kaina, kuma akwai gaskiya a ciki. Sauran gaskiyar ita ce tun da na sayi injin nan ban samu katako mai kyau irin wannan na tura masa ba, hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ƙafar ba ta ɗauke ni wani lokaci ba. Na zare ta, na share ramin, na sa gam da sabon turke na matse, ta tsaya ƙyam. A nan aikin da aka ba ni ya ƙare, da na san ciwon kaina da na ɗauka na mayar.

Maimakon haka sai na kwance saman. Na raba fallayen uku, na zare tsofaffin ƙusoshi, na bi ko'ina da maganaɗisu kada wata ta ɓuya ta karya mini wuƙa (ku lura, wuƙar injin nake tausayi). Na tayar da janareta na fara turawa, ina cirewa kaɗan-kaɗan yadda masana suka ce. Turawar farko baƙin ya fara tafiya. Na sake, tawadar ta tafi, zoben fitilar ya bi ta. Jan madacin ya bayyana, ƙamshinsa ya cika shagon, ni kuwa sai murmushi nake yi ni kaɗai. Wuraren nan biyu da suka lotsa su suka fi ba ni wahala, domin sun yi zurfi. Kowane zagaye sai su rage kamar inuwa a kan katakon, in sake sauke wuƙa in sake turawa. Har tsaki na yi musu. Da suka ɓace sai da na ce alhamdu lillahi.

Na ɗaura faifan nan mai ƙananan haƙora na daidaita bakunan, kusurwar da ta dakushe ta dawo da kaifinta. Na haɗa, na goge, na shafa folish. Wallahi ko a manyan shagunan Abuja aka ajiye shi ba zai ji kunya ba. Ban gaya wa Mama komai ba, wai so nake in ba ta mamaki. Da ta aiko tambaya na ce gam ne bai gama bushewa ba, da safiyar Asabar zan kawo da kaina.

Ranar Asabar na sa kaftanina na Juma'a, na lulluɓe teburin da zanen gado, na sa a keke duk da gidan ba nisa. Na tarar an kafa rumfa an jera kujeru, matan zumuntar coci sun yi anko suna waƙa, Fasto yana zaune a gaba. An bar wani fili a tsakiya, kusa da shi a kan kujera ga hoton Baba Ticha, da Littafinsa Mai Tsarki, da tabaransa, suna jiran teburi. Mai hankali da ya ga haka ya fara jin wani abu a jikinsa. Ni ƙara gyara hulata na yi.

Aka taya ni muka ajiye shi a filin. Waƙa ta tsaya. Maimakon in ja gefe, sai na ɗaga hannu na nemi izinin magana. Na ce Baba Ticha uba ne gare mu duka, na ce ya yi wa 'ya'yanmu abin da ba za mu iya biya ba, don haka ga 'yar ƙaramar gudummawata. Sannan na kama bakin zanen na fizge.

Wasu baƙi daga baya suka tafa. Wata ta ce, "Kai, sabo aka saya? Ya yi kyau fa!" Amma na lura waɗanda suke layin gaba, 'ya'yan gidan, ba wanda ya motsa.

Mama Rifkatu ta miƙe a hankali ta matso. Ta kalli teburin, ta kalle ni, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ɗana. Allah ya saka. Amma ina namun?"

Na ce, "Mama, ai shi ne wannan."

Ta zagaya ta gefen da mijinta yake zama, ta ɗora tafukanta biyu a bakin teburin. Ta ja su dama, ta ja su hagu, ta dawo da su, kamar mai laluben allura a kan tabarma. Ta daɗe tana yi, kuma duk rumfar nan ba ka jin komai sai kukan wani jariri can baya. A lokacin ne murmushin da yake fuskata ya fara yi mini nauyi, na rasa yadda zan sauke shi.

Babbar 'yarta Hannatu, wadda take aikin jinya a Abuja, ta taso ta riƙe kafaɗarta. Ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa amma na gaba duk suna ji. "Malam, ba ka sani ba ne. Tun da Baba ya rasu, kullum da safe a nan take ɗora hannunta inda nasa yake, ta yi addu'a. Mun sha cewa za mu sayo sabo, tun yana da rai ya ƙi, bayan ya tafi ita ma ta ƙi. Yau ma shirinmu jikoki su zo ɗaya bayan ɗaya su sa hannu a wurin."

To, a nan ya kamata in yi shiru in sunkuyar da kai. Amma bakina ya riga hankalina. Sai na ji kaina ina cewa ai ba wani abu mai yawa na cire ba, bai kai kwatan inci ba, katakon shi ne dai, injin ma irin mai cirewa a hankali ne. Ina tsaye a gaban Fasto da marayu da matar mamaci ina yi musu bayanin inji. Har yau idan na tuna wannan wurin sai na runtse ido.

Mama ta ɗago. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta ce, "Ɗana, abin da ka kankare ɗin, yana ina?"

Na so in yi ƙarya, amma ba ta zo ba. Akwai wani mai kiwon kaji a Gauraka da yake zuwa yana kwashe mini ɓawon katako a buhu, yana shimfiɗa wa 'yan tsaki. Ya zo tun ranar Alhamis.

Na ce, "Mama, mai kaji ya kwashe."

Wani a baya ya yi tari, irin tarin da ake yi don danne wani abu. Mama ta gyaɗa kai a hankali ta ce, "To. Allah ya sa su ji ɗumi."

Daga nan ta ɗauki hoton da kanta ta ɗora a kan teburin, ta ɗora Littafin da tabaran, ta ce wa Fasto a ci gaba. Na so in sulale, ta hana. Ta sa aka ba ni kujera a layin gaba, aka kawo mini shinkafa da lemo, domin a wurinta ni baƙo ne kuma maƙwabci. Haka na zauna har aka tashi, ina kallon hoton Baba Ticha yana haskawa a cikin folish ɗina. Jikokin da aka shirya za su sa hannu, sai aka ce su zo su tsaya kusa da hoton kawai.

Washegari da sassafe na hau mashin na tafi Gauraka. Ban san abin da nake tsammani ba, wataƙila in samu buhun ba a kwance ba. Mai kajin ya buɗe mini ɗakin, na ga an riga an baza ɓawon, ya gauraya da na wasu shagunan, 'yan tsaki suna ta yawo a kai suna abin da kaji suke yi. Na tsaya ina kallo har ya tambaye ni ko saye zan yi. Na ce a'a, na juyo.

Da yamma na je na durƙusa a gaban Mama na ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, ɗana. Don alheri ka yi, na sani. Ƙafar ma ta daina rawa." Ba ta sake tayar da maganar ba, ko a fuska ba ta canza mini ba. Da Kirsimeti ta aiko mana da abinci kamar yadda ta saba, da Sallah muka aika mata. Wannan haƙurin nata ya fi mini zafi a kan zagi.

Injin yana nan, yana aiki lafiya, ban yi zaɓen banza ba. Sai dai yanzu duk wanda ya kawo mini tsohon abu, kafin in taɓa sai na zaunar da shi. Na wane ne? Mai shi yana raye? Wannan tabon a cire ko a bari? Kwanaki wani ya kawo kujera na fara jero masa tambayoyin, ya dube ni ya ce, "Malam, gyara na kawo, ba gaisuwar mutuwa na zo karɓa ba." Na ba shi haƙuri, amma sai da ya amsa kafin na ɗauki guduma. Na koyi cewa inji ragewa kawai ya iya, duk tsadarsa ba ya mayar da abin da ya cire, kuma ba duk tabo ne yake jiran kafinta ba.

Hanyar shagona ta ƙofar gidanta take bi. Da safe nakan gan ta a baranda tana addu'a a gaban teburin, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Hannuwanta suna kan cinyarta.